Atamfar da Na Je Nema Har Holan

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana. Na san ba zan ji amsarku ta cikin wayar nan ba, to kowa ya ce "ta zo mu ji ta" daga inda yake zaune, ni kuma in ɗora ƙafafuna a kan bokitin nan da na kifa, in ba ku. Ta yau ba ta namun dawa ba ce. Tawa ce, kuma tun yanzu ina gaya muku ban fito da kyau a cikinta ba.

Sunana Barikisu, amma a Morris Heights nan Bronx ba mai kirana da shi sai yayata da mai kawo wasiƙa. Maman Fauzia ake ce mini. A zangon Kumasi aka haife ni. Shekarata hamsin da takwas, ashirin da shida a garin nan na yi su, ina bin gidajen tsofaffi in yi musu wanka, in ba su magani, in juya su a gado. Mijina Alhaji Kadri ya rasu shekara shida ke nan, Allah ya jiƙansa. To a wannan shekarun, da jikoki uku, wai ni aka zo nema da aure. Ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa.

Malam Souley tela ne, mutumin Damagaram. Shagonsa na titin 116 a Harlem, matse tsakanin mai sayar da busasshen kifi da wani gidan abinci na 'yan Senegal. Shekara tara shi ke yi mini ɗinkin salla. Matarsa ta rasu tun a gida, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ran nan na je karɓar riga, na sa hannu sai na ji ta shige ba wahala. Ya buɗa hammatar ba tare da na ce masa komai ba.

"Na ga kafaɗar nan tana damunki in za ki ɗaga," in ji shi, allurai uku a bakinsa. Ya ci gaba da ninke yadi, idonsa a kan tebur. "Hajiya, in ba za ki ji haushi ba, ina so in aiko mutane."

Iyakar zancen soyayyar ke nan. Amma a jirgin ƙasa mai lamba huɗu da na hau zuwa gida, sai da na wuce tashata.

'Yata Fauzia ta yi ta kallona kamar na ce zan shiga soja. "Mma, are you serious?" Bayan kwana biyu ta sauko, har tana tsokanata. Wadda ba ta sauko ba ita ce Yaya Muniratu.

Yaya ta girme ni da shekara bakwai. Ita ta kawo ni Amurka, a falonta na kwana shekara biyu, kuma har yau tana hawa na huɗu ina na biyu a bene ɗaya. Duk wani lefe da za a kawo cikin mutanenmu na zango, ita ake kira ta buɗe akwati. Ba ta yarda da sunan da aka buga a bakin zani, ta ce masu jabu sun fi kowa iya rubutu. Murzawa take yi da yatsu, ta shinshina, ta ɗan taɓa da harshe, sannan ta faɗi asalinsa da ƙarfi yadda na kicin ma za su ji. Na ga aure biyu da suka mutu a bakin harshen nan.

"Tela?" ta ce, tana gyara mayafinta mai duwatsu. "To. Holan turmi shida. Ko ɗaya bai ragu ba. Na ji bazawara ce, amma bazawarar Alhaji Kadri ce."

Ku yaran yanzu, turmi yadi shida ne, Holan kuwa ita ce sarauniyar atamfa a wajenmu. Uwata da ita aka kai ta ɗaki, ni ma haka.

Na gaya wa Malam Souley ta waya. Na ji keken ɗinkin ya tsaya.

"To," ya ce. "Abin da Allah ya hore zan kawo."

Na san abin da Allah ya hore masa. An ƙara masa hayar shago, ga 'ya'ya biyu suna karatu a gida. Na kira A'i, ɗiyar kawunsa mai kitso a Harlem, don ita ke haɗa masa akwatin. Ta rage murya ta ce, "Biyu ya samu, Hajiya. Sauran bugun Abidjan ne da na Ghana, masu kyau wallahi, amma ba Holan ba."

A nan Shaiɗan ya zauna kusa da ni ya miƙe ƙafa. Da ma zan je Kumasi in sanar da Kawu Alhassan, shi ne waliyyina, kuma tikitin dawowa ya nuna zan yi awa tara a Amsterdam. Amsterdam fa, Holan ɗin kanta! Na ce a raina, a ina goro ya fi araha in ba a gindin bishiyarsa ba? In ana sayar da Holan da tsada a Harlem, ai a garinsu a bakin titi ake zuba ta kamar tumatir. Zan ɗauki adashina, in sayo huɗu, A'i ta cusa su a akwati, shida ta cika, kowa ya huta.

"In ya gane fa?" A'i ta tambaya.

"Namiji ne," na ce. "Me ya sani da akwatin lefe?"

Tela fa, jama'a. Mutumin da ya shekara arba'in yana kwana yana tashi cikin yadi. Ni da bakina na faɗi haka.

Na sauka Amsterdam da sassafe, ƙafafuna sun kumbura har sai da na take bayan takalmi. Ina jan ƙaramar jaka mai taya wadda na bari fanko da gangan. Ina kunna waya saƙonnin da suka kwana suna jirana suka yi ta shigowa.

Fauzia, da Turancinta: tunda na ce zan fita miƙe ƙafa, in sayo mata cukun ƙasar, tsoho mai ƙarfin nan, da siririyar wainarsu mai zuma a tsakiya saboda yara.

Yaya, saƙon murya na minti huɗu: "Barikisu, kin gaishe da Kawu? Ki gaya wa telan naki Asabar ta sama za a buɗe akwati. Na gayyaci mata. Kada a kawo mini leda a ce zani ne."

Malam Souley, layi biyu: "Kin sauka lafiya? Ki samu kujera ki ɗora ƙafa, kada ki yi ta yawo."

Na rubuta masa, "Ina zaune." Sannan na ja jakata na hau jirgin ƙasa zuwa cikin gari.

Garin ruwa ne, an haƙa masa hanyoyi kamar tituna, gada nan gada can. Gidajen sirara ne dogaye, sun jingina da juna kamar mata a sahun salla. Ga yayyafi siriri wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ka farga sanyi ya kai ƙashi. Kekuna kuwa kada ku tambaya. Wata tsohuwa sa'ata, da jika a kwandon gaba, ta buga mini ƙararrawa ta faɗi wata magana da na tabbata ba gaisuwa ba ce. Ashe a kan hanyarsu nake tsaye.

Abin da na fara dubawa jikin matan garin. Baƙi, toka, ruwan ƙasa. Ko ƙyallen atamfa babu. Na ce ai mai abu ba ya sa abinsa ranar aiki, sun adana ne sai biki.

Na shiga wasu lunguna masu ƙananan shaguna. Wani kyandir kawai yake sayarwa. Wani maɓallan riga kawai, aljihu-aljihu har rufi, na tuna Malam Souley na yi sauri na wuce. Wani sabulu ne ake yankawa da zare kamar alkaki. Wani kuma kujera ɗaya tak aka ajiye a taga, an haska ta da fitila kamar amarya. Komai tsaf, komai na hannu, ba mai kiranka, ba mai ce maka "zo ki gani, Hajiya". Kasuwa ba hayaniya, ni ban taɓa gani ba.

A wani shago na faranta masu farin jiki da shuɗin zane na ga yadi a ninke a bango. Mai shagon yarinya ce doguwa, sai da na ɗaga kai. Da Turanci na ce mata zanen Holan nake nema.

Ta yi murmushi ta kawo mini tsumman goge kwano, mai hoton saniya da injin niƙa mai fukafukai.

"A'a, 'yata. Na ɗaurawa."

Ta kawo na shimfiɗa a tebur.

Na gaji, na zame hular rigar sanyina na nuna mata ɗankwalin da ke kaina, Holan ce ta gaske mai ruwan goro da tsuntsaye. Yarinyar ta haɗa hannuwa a ƙirji.

"Ah, zanen Afirka! Yana da kyau ƙwarai. A ina kika saya?"

'Ya'yana, ni da na tsallako teku in saya, ni ake tambaya inda ake sayarwa.

Na ce ƙila yarinya ce ba ta sani ba. Na shiga shago uku bayan nan. Wani dattijo ya nuna mini takalman katako. Wata ta ce in gwada shagunan 'yan Afirka, amma ba ta san inda suke ba. Duk wanda ya ga ɗankwalin sai ya yaba, kuma duk sunan da suke ba shi ɗaya ne.

Don kada in koma hannu biyu na shiga shagon cuku. Ba irin wagashinmu ba ne mai laushi, wannan manya ne kamar tayar mota, jere har sama. Mai shagon ya yanko mini a bakin wuƙa, na ɗanɗana, hawaye ya zo mini. Na ce shi Fauzia ke so. Ya yanka mini ƙaton gefe, ya naɗe a takarda, ya tambaya ko ya like mini shi cikin leda da inji. Na dubi layin da ke gaban injin, na dubi agogo, na ce ya bari. Na jefa shi ƙasan jaka tare da wainar yara.

Wajen azahar ɗinsu na samu benci a kan wata gada na zauna. Hancina ya fara toshewa. A New York an idar da asuba ke nan, sai ga saƙon Malam Souley: hoton akwati ruwan ƙasa, a kan teburin yankansa. "Bai yi girma ba, amma mai ƙarfi ne."

Na rubuta, "Ya yi kyau." Na kifa wayar a cinya. Ban yi kuka ba, na gaji da yawa ban iya ba.

"Maame, daga Kumasi?"

Da Twi aka yi maganar. Na ɗaga kai na ga mace gajera mai jiki, da lema da jakar aiki. Ta ce ɗaurin ɗankwalina ne ya tona ni. Sunanta Afua, Ba'asantiya ce, tana gyaran ɗakuna a otal, ta tashi aiki ke nan. Na gaya mata abin da nake nema. Matar nan ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙarfen gada.

"Ke ce ta uku da na tsinta bana! Kun ɗauka a bishiya take fitowa a nan? Can wani gari ake bugawa, da nisa, kuma abin da aka buga jirgin ruwa yake hawa ya tafi wajenmu. Su ba sa sawa, 'yar'uwa. Tashi, kada ki mutu a kan gadar mutane."

Ta riƙe mini jaka muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwarsu. Muna fitowa na ji ƙamshin wake da shinkafa da soyayyen kifi, na ji ana ciniki da ƙarfi, raina ya ɗan dawo. Ta kai ni wani shago a bayan kasuwa. Atamfa har rufi, amma ta ce kada in kalli waɗannan. Ta gasken tana cikin gilashi a kulle. Mai shagon ya faɗi kuɗi, na ce ya maimaita. Ta fi ta Harlem tsada. Na tsallako teku, na kumbura ƙafa, na zo in saya da tsadar da ta fi ta bakin ƙofata.

Duk da haka na zaɓa. Shuɗiya mai ganye, ja mai zobba, wata ruwan ƙwai, wata kore mai duhu. Adashin ya tafi gaba ɗaya.

"Bikin 'yarki ne?" Afua ta tambaya tana taya ni ninkewa.

"Nawa ne."

"Ei! Barka. To ina angon, ya aiko ki?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da ninki. Wannan ya gaya mata komai. Ta daina dariya.

"Ni ma na yi wa wani haka," ta ce. "Ni na saya masa kwat ɗin da ya sa ya aure ni. Har yau in ya ga hoton bikin a kan talabijin sai ya kifa shi."

"Kuna tare?"

"Muna gida ɗaya."

Na ji maganar, amma agogo nake kallo. Na danna turmi huɗun a kan cukun, na zauna a kan jakar Afua ta ja zif, muka yi musayar lamba, na kama hanyar filin jirgi. Awa takwas jakar nan ta yi a rufe a saman kaina.

Na iso gida da mura mai ƙarfi, ko albasa aka yanka a gabana ba na ji. Na ba Fauzia cukunta, jikokina suka toshe hanci suka gudu ɗaki, na ɗauka iyayi ne irin na yaran nan. Da na ga ban riƙo wa Malam Souley tsarabar komai ba, na yanki gefe na kai masa shago. Ya shinshina, ya ɗora a kan burodi ya ci don kunyata.

"Bon," ya ce da Faransancinsu, idonsa ya yi ja. "Yana da ƙarfi."

Daga nan na zagaya wajen A'i na miƙa mata turmi huɗun a baƙar leda. Ta ce ta ji wani ɗan wari, amma ta ɗauka na jirgi ne, za ta fesa turare.

Asabar ta zo. A falon Yaya aka yi, an ture kujerun nan masu rigar leda zuwa bango, an shimfiɗa darduma. Mata sun kai goma sha biyar, kowa da mayafin fita kunya. Ni aka sa ni a ɗakin kwananta, don amarya ba ta zama inda ake buɗe akwatinta. Na sa leshi ruwan toka, na zauna bakin gado kamar yarinya, kunnena a jikin ƙofa.

Na ji ƙarar zif. Na ji an fitar da takalma, mayafai, turare, darduma. Sai muryar Yaya.

"Holan. Ɗaya."

Mata suka ce ma sha Allah.

"Holan. Biyu."

Na ƙara manna kunne a ƙofa.

"Wannan bugun Abidjan ne. Wannan ma. Wannan na gida ne, Ghana." Na ji ana laluben ƙasan akwati. "Shi ke nan?"

Ƙofar ɗakin ta buɗe kaɗan, A'i ta sulalo ciki. Daga ƙarƙashin mayafinta ta fito da baƙar ledata ta ajiye mini a cinya.

"Ya gane, Hajiya. Jiya da la'asar ya ce in buɗe ya duba. Ya ɗaga shuɗiyar nan ya kai hanci, ya ce, 'Wannan da cukun Hajiya jaka ɗaya suka hau jirgi.' Ya zare huɗun ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskure ba. Ya ce in mayar miki da kayanki. Ya ce shi bai taɓa yi wa mutum riga da yadin aro ba."

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Ya rantsar da ni."

A falo Yaya na cewa, "A rufe. A mayar masa. Na faɗa tun farko, ban ɓoye ba."

To ga ni zaune, turmi huɗu a cinyata. Taku biyar ne zuwa falo. In na ba A'i ta fita da su ta ce an manta su a mota, shida ta cika, Yaya ta lasa ta ce Holan, a yi guɗa, kowa ya ci shinkafa. Har na ɗaga ledar. Sai na tuna hoton akwatin nan a kan teburinsa, da yadda ya rubuta cewa bai yi girma ba. Na tura ledar ƙarƙashin gadon Yaya da ƙafa, na buɗe ƙofa na fita hannu biyu.

"Barikisu, koma ciki! Amarya ba ta fitowa."

"Yaya, amarya mai jika uku ta gaji da zaman ɗaki. Na karɓi akwatin nan yadda yake."

Wata ta ce, "La ilaha." Wata ta ja kujera gaba don ta ji da kyau.

"Alhaji Kadri goma sha biyu ya kawo," in ji Yaya. "Ni na buɗe."

"Ya kawo, Allah ya jiƙansa. Makon jiya na buɗe akwatin nasa a Kumasi. Biyar asu ya cinye su a ninke, ban taɓa ɗaura su ba. Kwana shida a mako yunifom nake sawa, Yaya, na bakwai ina kwance."

Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta cire tabarau, ta dube ni, muryarta ta sauka yadda ban saba ji ba.

"Kin ɗauka don zani nake yi? Ina da zanen da zan rufe benen nan. So nake ya sha wuya a kanki. Tun kina yarinya ke kike ɗaukar kayan kowa. Alhaji ya kwanta shekara uku, ke. 'Ya'ya, ke. Tsofaffin Turawa, ke. Ba wanda ya taɓa yin gumi dominki. Na ce bari wannan ya yi, ko sau ɗaya, kafin ki fara wanke masa ƙafa."

Wallahi maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Kuma ita ba ta sani ba, gumin da take so ya yi, ni ce na bi ta bayan gida zan share masa shi.

"Ya yi, Yaya," na ce. "Biyun nan guminsa ne. Ba wanda ya taya shi."

Ta sake sa tabaraunta. Sannan ta mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ta ja zif, ta turo akwatin gabana da ƙafa.

"Ɗauki kayanki."

Wata tsohuwa ta fara guɗa, ta ga ba mai taya ta, ta mayar da ita tari.

Na ɗauka an gama. Ina! Na rubuta wa Malam Souley cewa an karɓi akwati. Ya karanta, bai amsa ba. Na gaishe shi da safe, ya karanta. Na aika saƙon murya, na goge, na sake aikawa. Kwana tara ina juya wata tsohuwa a gado ina leƙen waya a aljihun yunifom, har matar ta tambaye ni ko wani ne ba lafiya.

Rana ta goma na sa A'i ta karɓo mini ledar daga gidan Yaya da sunan ta manta kayanta. Na tashi aiki ƙarfe uku, ko gida ban je ba, na wuce Harlem da yunifom ɗina da takalmin roba. Yana kan keke, tabarau a kan hanci, rediyo na magana da Faransanci.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Hajiya." Bai ɗago ba.

Na ajiye ledar a teburin yanka. "Ɗinki na kawo."

Keken ya tsaya. "Na wa?"

"Nawa. Ni na saya da adashina, a Holan, ranar da na ce maka ina zaune. Ba a zaune nake ba."

"Na sani." Ya cire zare daga allura ya sake zurawa, ba don ya tsinke ba. "Ba ƙaryar ce ta dame ni ba. Na ce miki abin da Allah ya hore zan kawo. Kika ji, kika yanke cewa ba zai isa ba, tun ba ki gani ba. Yayarki ta raina akwatin bayan ta buɗe. Ke kin raina shi yana rufe."

Na zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki, wadda ƙafarta ɗaya ke rawa.

"Haka ne, Malam. Sabo ne. Shekara ashirin da shida aikina ke nan, in na ga mutum zai faɗi hannuna ke riga tunanina."

"Ni ba tsohon da kike juyawa a gado ba ne."

"Tukuna dai," na ce.

Ban san maganar ta fito ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, gemunsa ya fara rawa. Ya juya baya wai yana neman almakashi, alhali yana hannunsa.

Da ya juyo ya zazzage ledar, ya shafa kore mai duhun nan da tafin hannu yadda ake shafa kan yaro.

"Kin iya zaɓe, wannan kam. Amma kuɗin ɗinki cikakke za ki biya, ba ragi, kamar kowa. Kuma sai sun sha iska kwana uku a waje. Ba zan sa warin nan a kekena ba." Ya ciro tef ɗin awo daga wuyansa. "Tashi tsaye. Kin rame, tsohon awon ba zai yi ba."

Ƙurunƙus, iyakar abin da ya faru ke nan. An ɗaura aure bayan mako uku, bayan sallar Juma'a, Kawu Alhassan ya wakilta wani ɗan zangonmu ta waya. Malam Souley ya dawo Morris Heights da zama, kullum da safe yana hawa jirgi zuwa shagonsa. A'i ta rantse ba za ta sake haɗa wa kowa akwati ba. Afua muna gaisawa duk Lahadi, tana nan gida ɗaya da mijinta. Fauzia ta koma kiransa Baba, yaranta kuma sun gano yana ajiye alewa a aljihun keken ɗinkinsa. Ni na rage aiki zuwa kwana biyar. Yaya Muniratu ta zo walima, ta zauna kusa da ƙofa, ba ta ci komai ba, ta tafi kafin la'asar. Wata takwas ke nan, muna haɗuwa a matakala, in gaishe ta, ta amsa, ta wuce.